Takadda: Neman Birnin Jan Ƙarfe da Ya Ɓata

A ranar 11 ga watan Sha'aban na shekara ta 754 bayan Hijira, watau cikin watan Satumba na 1353, wani malami matafiyi mutumin Tanja, Ibn Batuta, ya bar wani gari da ya kira Takadda, ya shiga babban ayari ya nufi gida. Da ya isa Fas, Sarkin Musulmin Magrib na lokacin, Abu Inan, ya sa shi ya ba da labarin tafiye-tafiyensa, wani magatakarda mai suna Ibn Juzayy ya rubuta. Abin da ya faɗa game da Takadda bai wuce 'yan shafuka ba. Amma sa'ad da masana suka tashi neman garin bayan shekara ɗari biyar, sai ya zamana ba wanda zai iya nuna inda yake. Aka shafe fiye da shekara ɗari ana gardama, har ta kai wasu suka ce matafiyin rikicewa ya yi, abin da ya ce ya gani bai gan shi ba.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kazaure, a Acilafiya ko Roni ko Gwiwa, ko kuwa can Ɓaɓura kusa da iyaka, ya san raƙuman Buzaye da kantun gishiri, ya kuma san akwai tsofaffin hanyoyin fatake da suka haɗa Kano da Azbin. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, gishiri ba shi ne kaɗai kayan da ya biyo waɗannan hanyoyi daga arewa ba. Akwai zamanin da jan ƙarfe ke gangarowa kudu, kuma kuɗi ne da ake ciniki da shi. Daga Takadda yake fitowa. Don haka neman wannan gari neman wani ɓangare ne na tarihin kasuwar Hausa, da kuma tarihin ilminta, kamar yadda za a gani.

Abin da matafiyin ya faɗa

Ibn Batuta ya iso Takadda daga Gawo, cikin ayarin fataken Gadamus, bayan ya sha rashin lafiya a hanya saboda tsananin zafi. Ya ce gidajen garin da jan dutse aka gina su. Ruwansa yana bi ta kan ma'adinin jan ƙarfe, saboda haka launinsa da ɗanɗanonsa suka sake. Ba a noma sai 'yar alkama kaɗan. Akwai kunamai masu kashe yaro, har ma ɗan wani shehin Magribawa da ke zaune a garin kunama ta harbe shi ya mutu, shi Ibn Batuta ya halarci jana'izar. Mutanen garin ba su da sana'a sai fatauci, kowace shekara suna zuwa Masar su sayo tufafi masu tsada. Sarkinsu kuwa, wani Babarbare mai suna Izar, ba a cikin garin yake zaune ba, yana can cikin bukkoki a tafiyar yini guda, can matafiyin ya je ya gaishe shi.

Sa'an nan ya zo kan jan ƙarfe. Ya ce mahaƙar tana bayan gari. A tono shi daga ƙasa, a kawo cikin gari, bayi maza da mata su narka shi a gidaje, a zuba shi ya zama sanduna masu tsawon taƙi ɗaya da rabi, waɗansu kaurara, waɗansu sirara. Kaurara 400 ake bayarwa a kan miskali guda na zinariya, sirara kuwa 600 ko 700. Da sirara ake sayen nama da itacen wuta, da kaurara ake sayen hatsi da man shanu da alkama da bayi. Daga nan ake kai shi Kubar, da Zagai, da Barno, wadda ya ce tafiyar kwana arba'in ce, kuma sarkinta Musulmi ne mai suna Idris, ba ya magana da jama'a sai ta bayan labule.

Galibin masana sun yarda Kubar ita ce Gobir. In haka ne, to wannan yana cikin ambato mafi tsufa da aka yi wa wata ƙasar Hausa da sunanta a littafin wani baƙo. Jerin sarakunan Saifawa kuwa ya nuna Mai Idris ɗan Ibrahim ne ke kan gado a tsakiyar wannan ƙarni, watau mutumin bai ƙaga sunan ba. Har ila yau, sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zauna a Kukawa a shekarun 1850, ya tarar 'yan kasuwar Barno suna lissafi da awon da ake kira ratal, wanda asalinsa nauyin jan ƙarfe ne, ko da yake ƙarfen kansa ya daɗe da barin kasuwa, suna kawai ya rage. Wuri kuwa, Tarihin Kano ya ce sai a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, ya shigo ƙasar Hausa.

Akwai wani abu guda da bai kamata a tsallake ba. Ayarin da Ibn Batuta ya bi ya bar garin yana ɗauke da kuyangi wajen 600 za a kai su arewa. Bayi ne ke narka ƙarfen, da ƙarfen kuma ake sayen bayi. Wadatar Takadda da aka yi ta yabo a kan wuyan waɗannan take.

Tarkon suna

Irin wannan nema ba a Afirka aka fara shi ba. Girkawan dā sun lissafa abubuwan al'ajabi bakwai na duniya, shida an san inda suke ko inda suka taɓa zama, na bakwai, watau lambunan da aka ce Sarki Buhtanasar ya rataya a sama a birnin Babila, shi ne ya gagara. Robert Koldewey ya yi tono a Babila daga 1899 zuwa 1917, ya sami wani gini mai ɗakunan baka da rijiya a kusurwar fada, ya ce ga harsashin lambun. Allunan yumɓu da aka samu a wurin kuwa, da aka karanta su, sai aka ga lissafin rabon mai da hatsi ne, alamar ɗakin ajiya ke nan. A 2013 Stephanie Dalley ta Jami'ar Oxford ta fito da littafi tana cewa tun farko ba a Babila lambun yake ba, a Ninawa yake, Sarki Sanharib ya gina shi, marubutan baya ne suka rikita biranen biyu. Ko an yarda da ita ko ba a yarda ba, abin lura shi ne mai nema yakan riƙe suna guda da siffa guda a zuciyarsa, ya bi su har su ɓad da shi. Haka ta faru da Takadda.

Barth ya isa Agadas a watan Oktoba na 1850, ya ji sunan Tegidda, wani wuri a yamma, ya danganta shi da garin Ibn Batuta, amma bai je ba. Da Faransawa suka mamaye ƙasar a farkon ƙarni na 20, sai aka tarar Tegidda ba guda ɗaya ba ce. A harshen Buzaye kalmar tana nufin kwarin da ruwa ke taruwa, kuma akwai uku sanannu a yankin Ingal: Tegidda-n-Tesemt, watau ta gishiri, Tegidda-n-Adrar, ta dutse, da Tegidda-n-Tagait, ta goruba. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da mahaƙar jan ƙarfe da ido zai gani. Wadda ke da mutane da sana'a ita ce ta gishiri, ƙauye ne na jar ƙasa, inda ake jiƙa ƙasa mai gishiri da ruwan zartsi, a tsiyaye ruwan cikin ɗaruruwan 'yan ramuka, rana ta shanye shi.

Littattafan Larabci ma ba su sauƙaƙa al'amarin ba. Al-Umari, wanda ya yi rubutu a Masar da Sham kafin zuwan Ibn Batuta da 'yan shekaru, ya ruwaito Mansa Musa yana cewa akwai mahaƙar jan ƙarfe a mulkinsa wadda babu abin da ke kawo masa haraji kamarta, amma sunan garin ya sha bamban daga wannan kwafi zuwa wancan, domin ɗigo ɗaya in ya kauce a rubutun Larabci suna ya sake. Ibn Khaldun ya ambaci Takadda, amma siffar da ya ba ta ta fi dacewa da Tadmakka, wani birni dabam da ke cikin Mali ta yau.

Cikin wannan duhu ne Henri Lhote ya yanke nasa hukunci. Lhote ba ƙaramin masani ba ne, shi ne wanda zanen duwatsun Tasili ya sa sunansa ya zaga duniya, kuma ya taka Sahara da ƙafarsa fiye da yawancin abokan gardamarsa. A rubuce-rubucensa, musamman na 1972, ya tsaya a kan cewa Takadda ita ce Tegidda ta gishiri, babu wata mahaƙar jan ƙarfe ta a zo a gani a yankin, kuma Ibn Batuta ya cakuɗa labari. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Ina ramin? Ina tudun kashin maƙera da ya kamata a gani in an shekara ɗaruruwa ana narka ƙarfe? Ruwan da ɗanɗanonsa ya sake, ai ruwan zartsi ne. Kuma shi da kansa ya tono dubban 'yan tukwanen narka ƙarfe a Marandet, kudu da Agadas, wurin da ake dangantawa da Maranda ta marubutan Larabawa na ƙarni na 9 da kuma tsohon mazaunin Gobirawa. In dai wurin aikin jan ƙarfe ake nema, in ji shi, ga shi can.

Azelik

Tun 1950 wani Bafaranshe mai suna Brouin ya buga ɗan gajeren rahoto a mujallar cibiyar IFAN ta Dakar cewa akwai wani kufai arewa maso gabas da Tegidda ta gishiri, ba nisa, ana kiransa Azelik, kuma ana tsintar ɓurɓushin jan ƙarfe a cikinsa. A 1954 Lombard da Raymond Mauny suka ƙara bayani, Mauny ya ce nan ne Takadda. Cikakken sunan wurin a bakin mutanen yankin shi ne Azelik wan Birni. Kalmar ta ƙarshe ba ta bukatar fassara ga Bahaushe. Makiyayan da ke shayar da dabbobi a maɓuɓɓugar wurin ba su taɓa mantawa da cewa birni ne ba, masu nema ne ba su tambayi sunan da ya dace ba.

Amma tsintuwa a bisa ƙasa ba ta isa ta kashe gardama ba, aka ci gaba da ja-in-ja shekara ashirin. Wadda ta warware ƙullin ba ta fara da tono ba. Suzanne Bernus masaniyar al'adun al'umma ce. Ita da mijinta Edmond Bernus sun daɗe suna zama da mutanen Ingal da Tegidda, suka fitar da littafi a kansu a 1972. Waɗannan mutane, Isawaghen, ba makiyaya ba ne kamar Buzayen da ke kewaye da su. Mazauna gari ne, masu dabino da gishiri, kuma harshensu, Tasawak, ƙashin bayansa na Sanwai ne, dangin Zabarmanci, ya sha kalmomin Buzanci. Cikinsu akwai zuriyar da ake kira Inusufa, sunan da masana suka gane shi ne Massufa, ƙabilar da Ibn Batuta ya sha ambata a hanyarsa ta Sahara. Abin da dattawansu suka riƙe shi ne, kakanninsu a Azelik suke, Sarkin Agadas ya yaƙe su ya rushe garin, waɗanda suka tsira suka koma ga gishiri.

Daga 1973 zuwa 1975 Suzanne Bernus da wani masanin kufai, Pierre Gouletquer, suka bi wannan labari zuwa filin. Sun sami kangaye masu faɗi na gidajen dutse, da masallatai, da maƙabartu. Sun sami duwatsun daka da na niƙa, da gutsattsarin 'yan tukwanen narki, da ɗigo-ɗigon jan ƙarfe, da guntayen sirara kamar waya. Awon shekarun gawayi ya nuna garin yana raye a ƙarnin da Ibn Batuta ya zo. Suka buga sakamakon a 1976 a ƙarƙashin take mai ma'anar daga jan ƙarfe zuwa gishiri.

Mafi muhimmanci shi ne amsar tambayar Lhote, ina ramin. Jan ƙarfen Azelik ba irin wanda ake bi cikin ƙasa da zurfi ba ne. Tsantsarsa ne, ƙwaya-ƙwaya, a warwatse cikin wani siririn shimfiɗin dutse da ke kusa da fuskar ƙasa. Ba a bukatar rijiya, ba a bukatar babbar matoya. A fasa dutsen, a daka, a tsince ƙwayoyin, a narka cikin 'yar tukunya. Aikin da ya fi kama da na mata a tsakar gida ke nan, daka da sheƙa da tsinta, kuma ba ya barin tudun kashin maƙera, domin ba tama ake dafawa ba. Wanda ya zo yana neman irin kududdufan kuza na Jos zai wuce ta kai bai sani ba.

Abin mamakin shi ne Ibn Batuta ya riga ya faɗi wannan duka. Ya ce a gidaje ake narkawa, bai ce a maƙera ba. Ya ce har da kuyangi ke yi. Kalmar da ya kira sandunan da ita a Larabci tana ɗaukar ma'anar tsumagiya ko ɗan reshe. Lissafin ma ya isa ya nuna haka: miskali bai wuce giram huɗu da 'yan kai ba, in har za a ba da 700 a kansa, kuma da su ake sayen itacen wuta, to matsayinsu matsayin anini ne, kaurinsu kuwa na tsinke. Masu karatu ne suka ga kalmar sanda suka hango taɓarya, suka ga kalmar mahaƙa suka hango rami mai zurfin gaba goma. Da ba su ga abin da suka hango ba sai suka tuhumi mai labari. A nan Lhote ya yi kuskure, kuma kuskuren ba na rashin sanin ƙasa ba ne, na karatu ne.

Duk da haka, adalci ya sa a ce ba duka ya faɗi ba. Jan ƙarfen Azelik bai kai yawan da sunan Takadda ke sa a zata ba. Birnin da mutanensa ke zuwa Masar kowace shekara ba da tsintar ƙwayoyin ƙarfe kaɗai ya yi arziki ba, matsayinsa na mararrabar hanyoyin Gawo da Tuwat da Masar da Barno da Hausa shi ne babban jarinsa, kuma matafiyin da kansa ya ce sana'arsu fatauci. Marandet kuwa ta tabbata wurin aikin ƙarfe ce ta gaske, sai dai ta girmi zamanin Ibn Batuta da ƙarnuka. Masu binciken sun kuma nuna cewa sunan Takadda ya fi kama da sunan ƙasa mai garuruwa da yawa, Azelik ce babbar alkaryarta. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa sarkin ke zaune a wani wuri dabam, da kuma dalilin da ya sa sunan ya wanzu a kan maɓuɓɓuga uku bayan birnin ya mutu.

Zumuɗin samu ma yakan ɓad da mutum kamar yadda shakka ke yi. Da aka fara neman yuraniyam a yankin, aka shirya aikin gaggawa na ceton kayan tarihi daga 1977 zuwa 1981. Cikin wannan aiki Danilo Grébénart ya sami waɗansu ƙonannun ramuka kusa da Agadas, awo ya ba su shekara wajen dubu biyu kafin haihuwar Annabi Isa, aka yi shelar cewa an sami matoyar jan ƙarfe mafi tsufa a Afirka ta Yamma. Da aka sake gwada su a ɗakin bincike, rahoton 1988 ya nuna yawancinsu kututturan itatuwa ne da suka ƙone cikin ƙasa. Matoyun da suka tabbata su ne na cikin shekara dubu ta ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa, wanda shi ma ba ƙaramin tsufa ba ne. Abin yabo ga Grébénart shi ne sunansa na cikin waɗanda suka sa hannu a rahoton da ya rushe da'awarsa.

Malamai da ƙarshen birni

Bayan Ibn Batuta da shekara ɗari da arba'in, Takadda na nan da ranta, amma yanzu da malamai aka fi saninta. Sa'ad da Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili ya baro Tuwat a farkon shekarun 1490, a Takadda ya fara yada zango ya karantar, kafin ya wuce Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kuma shiga Katsina. Ahmad Baba na Tambutu, a littafinsa na tarihin malaman Malikiyya, ya ambaci waɗanda suka yi karatu a wurinsa can. Akwai al-Aƙib mutumin Anu Samman, wani gari na ƙasar Takadda, wanda ya kuma ɗauki ilmi wurin Suyuɗi a Masar. Akwai Muhammadu ɗan Ahmadu al-Tazakti, wanda ya haɗu da Magili a Takadda, ya yi hajji, ya dawo ya zauna a Katsina aka naɗa shi alƙali, ya rasu wajen 1529. Shi ne ake cewa Ɗantakum, wanda Katsinawa ke ziyartar kabarinsa. Hanyar da ta kawo tsinken jan ƙarfe kasuwar Gobir ita ce ta kawo littattafan fiƙihu zauren Katsina da Kano.

A daidai wannan lokaci kuwa abokiyar gaba ta riga ta taso. An kafa sarautar Azbin a farkon ƙarni na 15, daga baya ta zauna a Agadas, kamar yadda masanin tarihin nan na Nijar, Djibo Hamani, ya bi diddigi a littafinsa na 1989. Birane biyu a kan mararraba guda, dole ɗaya ya ba da wuri. Askiya Muhammadu na Sanwai ya kawo yaƙi Azbin a wajen 1500, ya sake dawowa bayan shekara goma sha biyar, Agadas ta zama ita ce zangon da manyan ayari ke nufa. Tarihin Kano ma ya ce a zamanin Sarki Yakubu, 1452 zuwa 1463, Azbinawa suka zo Gobir, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa. Tsakanin ƙarshen ƙarni na 15 da cikin na 16 Azelik ta zama kufai. Sunan dai ya ɗan jima a jikin mutane, domin har ƙarshen ƙarni na 16 akwai malami mai suna al-Najib da ake yi wa laƙabi da mutumin Takadda.

Cikakken rahoton tonon Azelik ya fito a Yamai a 1991, da sunan Suzanne Bernus da Patrice Cressier, shekara guda bayan rasuwarta. A 2007 aka kafa kamfanin SOMINA, haɗin gwiwar Nijar da Sin, don haƙar yuraniyam a yankin, sunan Azelik ya koma bakin 'yan jarida a matsayin sunan mahaƙa, irin mai zurfin nan da aka nema a dā ba a samu ba. Jikokin Inusufa kuwa suna nan a Ingal da Tegidda-n-Tesemt, suna jiƙa jar ƙasa suna jiran rana, gishirin da suke fitarwa ana ɗora wa raƙuma da motoci a kai kasuwannin kudu, makiyaya su saya wa dabbobinsu.